Ya Ba Shi Ajiyar Kifi, Ya Dawo Masa da Maza Zalla

Akwai wani mai aski da 'yan layinsu ke kira Baban Kifi. Shagonsa ɗan ƙarami ne: kujera biyu, madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin masu jira. Amma in ka ɗaga labulen da ke bayan kujerar aski, sai ka tarar da wani ɗaki cike da tankunan gilashi, an jera su a kan katako har kusa da silin, injin iska na ta hura musu kumfa.

Kifin ado yake kiwo, irin ƙananan nan da ba su kai tsawon yatsa ba, waɗanda macensu ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi. Namijin shi ne mai kwalliya. Macen toka-toka ce, ba wanda zai kalle ta sau biyu.

Shekara da shekaru bawan Allahn nan ya yi yana zaɓe. Duk haihuwa sai ya sa tabarau, ya ɗauki 'yar raga, ya tsamo waɗanda suka fi ja ya ware su, su kaɗai zai bari su hayayyafa. A haka har ya fitar da wani iri da babu mai shi sai shi: jar wutsiya faffaɗa, da baƙin layi siriri a bakinta kamar tela ne ya bi ta da zare. Ya sa musu suna 'Yan Kwalisa.

Matarsa takan tsokane shi ta ce, "Baban yara, ranar da yaranka suka yi zazzaɓi ban ga ka rame ba. Amma kifi ɗaya ya ƙi cin abinci, gidan nan kowa sai ya sani."

Sai ya yi dariya ya ce, "Yara suna da baki, su kuwa waɗannan ni ne bakinsu."

To, masu wannan kiwo suna da wata ƙa'ida. Maza ake sayarwa, mace ba ta fita. Ka sayi maza cikin tanki ka yi ta kallo, in sun tsufa sun mutu ka dawo ka sayi wasu. Wanda ya riƙe mace shi ya riƙe iri.

Matar tana da ƙane, Auta, mai yankan gilashin taga da madubi. A gidan yayar tasa ya ƙarasa girma bayan rasuwar mahaifinsu. Baban Kifi ne ya kai shi koyon sana'a, kuma tun yana ɗan tsurut yake yi masa aski kyauta. Da hannunsa ya faɗa, shi ya riƙa haɗa wa mijin yayar tasa, da yake kira Yaya, tankuna, a nan sha'awar kifi ta kama shi.

Baban Kifi bai ɓoye masa komai ba. Ya koya masa cewa ruwan famfo sai ya kwana a buɗe kafin kifi ya shiga, don maganin da ke cikinsa ya fita. Ya koya masa cewa abinci kaɗan ake ba su, ƙoshi ya fi yunwa kashe kifi. Babban karatun kuwa a kan soso ne, wani baƙin soso mai yauƙi da ke cikin kowane tanki, wanda ruwan ke bi ta cikinsa.

Ya ce, "Auta, dattin nan da kake yatsina fuska a kansa, shi ne ran tanki. Akwai wasu ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cinye gubar kashin kifi. Ka wanke shi da ruwan famfo, ka kashe su. In kuma sabon tanki ne, ka matse tsohon soso a ciki, ka sa kifi kaɗan, ka yi haƙuri ya nuna."

Auta ya ƙyalƙyale da dariya. "Yaya, duk duniya kai kaɗai na sani mai tarairayar datti."

"Ka dai riƙe."

"Na riƙe, ranka ya daɗe."

A saman shagon akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Innar Bene. Mijinta a wurin Baban Kifi yake aski har ya rasu. Bayan rasuwar sai ta riƙa saukowa da rana, ta zauna a bakin labule tana kallon kifin. Ɗakin sama ya yi mata faɗi.

Wata rana Baban Kifi ya ce, "Inna, bari in haɗa miki ɗan tanki, ki samu abokin hira. Zaɓi wanda kike so."

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta nuna wata mace mai ƙaton ciki da ke can ƙasa ita kaɗai. "Waccan nake so, ɗana. Masu jan nan rawar kai ta yi musu yawa. Wannan natsattsiya ce, irina."

Auta yana wurin. Ya ja Yayan nasa gefe yana raɗa da ƙarfi. "Yaya, mace ce fa! Ciki gare ta, daga tankin manyan mazanka. Irinka za ka miƙa wa tsohuwar da ko ganin kirki ba ta yi? Ka ba ta namiji mana, ta san bambanci ne?"

Baban Kifi ya ce, "Ita ta zaɓa. Ba zan ce ta zaɓa sannan in musanya mata ba."

Ya hau benen da kansa, ya matse mata tsohon soso, ya zuba ciyawar ruwa, ya maimaita mata karatun nan har ta haddace. Bayan 'yan watanni ɗanta direba ya zo ya ɗauke ta ta koma gidansa a can ƙarshen gari. Baban Kifi ya ɗauka kifin ta mutu a hanya, don yawancin 'yan koyo haka suke ƙarewa. Ya manta da zancen.

Akwai kuma wata dabara ta masu kiwo. Ba a tara iri duka a ɗaki ɗaya. Akan kai wani kaso gidan wanda aka yarda da shi, ko da tsautsayi zai faɗa wa na gida. Da Baban Kifi ya tashi yin haka, wa zai tuna in ba Auta ba? Ya zaɓi mata masu kyau da mazansu, ya kai masa har shagonsa, da tsohon soso a cikin leda.

Ya ce, "Ajiya ce. Mazan da aka haifa ka sayar ka ci, halak malak. Matan kuwa amana ce, ranar da na buƙata zan zo."

Auta ya dafa ƙirji. "Haba Yaya! Ko da tsakar dare ka aiko, a kai zan ɗauko in kawo maka."

Jama'a, tsautsayi ba ya sallama. Wata ranar hutu, mai ginin ya turo masu feshin maganin kyankyasai, bai gaya wa kowa ba. Suka bi shaguna ta ƙofar baya suka yi feshi son ransu. Injin iskan nan kuwa aikinsa ya zuƙi iskar ɗaki ya tura cikin ruwa. Ya zuƙi gubar ya raba wa kowane tanki.

Da Baban Kifi ya ɗaga labule, warin ne ya fara tarbarsa. Sai ya ga saman ruwa ya yi ja. Duk sun taso, ciki sama, manya da jarirai. Ya bi tankunan ɗaya bayan ɗaya da 'yar ragarsa yana neman ko mai motsi guda, bai samu ba. Ya zauna a kan bokiti ya cire tabarau, hawaye na bin gemunsa.

Matarsa ce ta zo ta same shi a haka. Ta yi salati, ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ka gode wa Allah da ya ba ka dabarar ajiya. Ai na wurin Auta suna nan."

Wannan maganar ce ta tashe shi. Ya wanke tankuna, ya shanya su, ya zubar da tsofaffin soso yana jin kamar fatarsa yake ɓarewa. Sannan ya kira Auta.

Auta ya jajanta sosai, har da "innalillahi" mai tsawo. Amma da aka zo maganar kawo kifi, sai yau ta zama gobe. Yau yana aikin taga, gobe babur ya lalace, jibi wayarsa a kashe. Baban Kifi ya ce bari ya zo da kansa, Auta ya ce a'a, girmansa ya wuce haka, shi zai kawo.

Ranar da ya zo, da shuɗin bokiti ya zo, mai murfi. Ya ajiye a bakin labule, bai ko zauna ba.

Baban Kifi ya buɗe murfin. Ja ya cika masa ido, har ya fara murmushi. Sai ya sa tabarau. Ya duba, ya sake dubawa, ya karkata bokitin wajen haske.

"Auta, ina matan?"

Auta ya sosa ƙeya yana kallon madubi. "Wallahi Yaya, abin da ya sa nake ta jan ƙafa ke nan. Wata cuta ce ta shigo, matan kawai ta bi. Kunyar gaya maka nake ji."

Duk wanda ya yi kiwo ya san babu cutar da ke tantance mace ta bar namiji sumul haka. Baban Kifi ya sani. Amma yaron da ka goya, ka yi wa askin fari na makaranta, ba ka so zuciyarka ta kira shi maƙaryaci. Ya haɗiye ya ce, "Allah ya mayar mana da alheri."

Ya zuba mazan a tanki ɗaya, ya riƙa kula da su. Ya san in suka tsufa suka mutu, 'Yan Kwalisa sun ƙare. In ya haɗa su da matan kasuwa, launin zai wanke, sai an sake shekarun zaɓe daga farko. Idonsa kuwa ba irin na da ba ne, ko da tabarau da ƙyar yake bambance jarirai.

Ana nan, wani mai ɗinkin kujeru ya zo aski. Yana zaune an ɗaura masa ƙyalle, sai ya zaro waya ya ce, "Baban Kifi, ashe ƙanen matarka ya zama babban mutum? Kalli nan."

Bidiyo ne. Ga Auta cikin sabuwar riga, a tsaye gaban tankuna. Ga 'Yan Kwalisa suna yawo. Ga mata nan birjik, ciki ya yi musu nauyi, jarirai na ɓuya cikin ciyawa. Auta yana cewa, "Wannan iri ni na fitar da shi da hannuna, shekara da shekaru ina wahala. Duk garin nan babu mai shi sai ni."

Injin aski na kuka a hannun Baban Kifi, shi kuwa ya ƙame. Sai da mai kujerun ya ce, "Lafiya?" sannan ya kashe injin. Wallahi mutuwar kifin ba ta yi masa ciwon da wannan ta yi masa ba. Masu feshi ba su san shi ba. Wannan kuwa a kwano ɗaya suka ci abinci.

Ya rufe shago ya tafi wurin Auta. Bai ɗaga murya ba.

"Auta, na ga matan da suka mutu. Sun yi ƙiba."

Auta ya ajiye abin yankan gilashi. Da ya ga babu wurin ɓuya, sai kunya ta koma tsiwa. "To Yaya, tsakani da Allah, wa ya ciyar da su? Wa ya canza musu ruwa? Waɗanda ka kawo ai sun tsufa tuni, waɗannan a shagona aka haife su. Kuma kai ka koya mini, mace ba ta fita."

"Ga baƙo na ce. Ni baƙo ne?"

"Kasuwa ba ta san Yaya ba. Kai ka ci zamaninka. Wani babban otal ya ba ni aikin tankin zaurensu, kuma sharaɗinsu kada a ga irin a wani wuri. In na ba ka mace biyu, kafin shekara ka cika gari."

Baban Kifi ya dube shi. Ya ce, "Da ka roƙe ni, da na bar maka otal ɗin, in riƙe nawa a bayan labule ina kallo. Ban taɓa hana ka komai ba." Ya juya ya fita.

A gida matarsa ta ji labari, ta ɗauki mayafi za ta tafi ta ci wa ƙanenta mutunci. Ya tare ƙofa. "Kada ki raba zumunci a kan kifi."

Ta fashe da kuka. "Ba kifi ba ne, Baban yara. Ni na ce maka na wurin Auta suna nan. Da bakina na faɗa."

Daga ranar shagon ya yi sanyi. Mai barkwanci ya koma aski shiru. Ɗakin baya tankuna a bushe, sai guda ɗaya da mazan ke ta buɗe wutsiya suna zagaye, babu wadda za su yi wa.

Wata safiya wata mota ta tsaya a ƙofar shago. Direban nan ne, ɗan Innar Bene. Ya gaishe shi ya ce, "Baba, Inna ce ta matsa mini. Ta ce don Allah ka zo ka kwashe kayanka, sun cinye mata robobi. Ko robar wanki ba mu da ita a gidan nan, matata har ta fara yi mini ƙorafi."

"Wane kaya?"

"Kifinka mana. Guda ɗaya ka ba ta, yanzu ko ni ban san iyakarsu ba."

Baban Kifi ya bar mutum da rabin aski, ya ba shi haƙuri, ya shiga mota.

A barandar gidan ya same su. Ɗan tankin nan yana nan, ga robobi a jere a inuwa, kowace da ciyawarta. Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Jar wutsiya, baƙin layi siriri. Ga mata toka-toka, cikinsu fal. Irin macen nan in namiji ya taɓa ta sau ɗaya, takan yi haihuwa bayan haihuwa ba tare da ta sake ganinsa ba. 'Ya'yanta suka girma suka ci gaba.

Inna ta fito tana dogara sanda. "Ɗana, ban saɓa maka ba. Ruwa sai ya kwana. Abinci ɗan mitsitsi. Soson nan kuwa surukata ta sha yunƙurin wanke shi da sabulu, na ce duk wanda ya taɓa shi ban yafe ba. In na buɗe sabuwar roba sai in matse shi a ciki, kamar yadda na ga ka yi."

Baban Kifi ya miƙe. Ya kama hannunta da hannu biyu yana kuka kamar yaro, ita kuwa tana ta cewa, "Af, me ya yi zafi? Ko na ɓata su ne?"

Can ɓangaren Auta kuwa, ya haɗa wa otal tanki mai girman bango. Manajan ya ce ranar buɗewa yana so a ga wurin ya yi ja, kuma ba ya son ganin ƙazanta. Auta ya dubi baƙaƙen sosonsa ya ga ba su dace da wurin manya ba, ya sayo sababbi farare tas. Ya cika tankin da ruwan famfo. Kifin ƙanana ne, tankin ƙato, don haka ya kwashe na shagonsa kaf, maza da mata da jarirai, ya juye. Ma'aikata kuma kowa ya wuce sai ya watsa musu abinci.

Ranar buɗewa an sha hotuna. Kafin mako ya zagayo ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, kifin suka taso sama suna haki. Auta ya rikice ya zubar da ruwan duka ya sake sabo daga famfo, ya ƙarasa waɗanda suka rage. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Da Auta ya ji labarin cewa ɗakin bayan labule ya sake cika, sai ga shi da yamma, ya rame, ya tsuguna a bakin ƙofa. Yayarsa tana ciki tana taya mijinta canza ruwa.

"Yaya, na tuba. Sharrin shaiɗan ne. Otal sun ce in ban mayar da irin ba, aikin ya bar hannuna, sunana kuma ya ɓaci. Mace biyu kawai nake roƙo."

Baban Kifi mutum ne mai taushin zuciya. Har hannunsa ya kai kan 'yar raga. Matarsa ta riƙe hannun.

Ta shiga kusurwa ta ɗauko shuɗin bokitin nan mai murfi. Ta je tankin da mazan Auta suke, ta kwashe su tas, ta ɗauko wani tsohon soso mai yauƙi ta jefa a ciki. Ta kawo ta ajiye a gaban ƙanenta.

"Ga abin da ka kawo masa ranar da yake kuka. Bai bar ko ɗaya ya mutu ba. Soson kuma kyauta ce, ka je ka koyi abin da ka yi wa dariya."

Auta ya ɗago ido jajur. "Yaya, ki sa baki mana. Ni fa ƙanenki ne."

"Don kai ƙanena ne ya ba ka. Da baƙo ne, da har yau bai san wannan ciwon ba."

Ya juya wurin mai askin. Baban Kifi ya ajiye ragar a hankali ya ce, "Na yafe maka, Auta, har ga Allah. Gidana gidanka ne, kujerar aski tana nan, ba za ka biya ba har in mutu. Amma ajiya ta koma gidan Inna."

Auta ya ɗauki bokitin ya fita. Matar ta saki labule, ta zauna a kan benci ta rufe fuska da mayafi. Mijin ya koma ya ci gaba da zuba ruwan da ya kwana.

Darasi: Amana in ta fashe, yafiya tana iya dawo da gaisuwa, amma ba lalle ta dawo da yarda ba. Kada ka ci amanar wanda ya koya maka sana'a don ka ga ya faɗi, kuma kada ka raina ƙaramin alheri, domin wata rana shi zai tashe ka. In labarin nan ya tuna maka da wani da ya taɓa riƙe maka amana, ka tura masa, ka kuma yaɗa shi ga 'yan uwa ko wani zai gyara tun kafin ya ɗauki nasa bokitin.